Makunnin da Na Ɓoye a Motar Auta

Sau uku aka ɗora mini bindiga saboda mota, sau ukun kuma a gidana na kwana. Ku je tashar manyan motoci ku ce Tsohon Ƙarfe, ba wanda zai tambaye ku wanne. Ban taɓa zama a aji ba, ko sa hannu aka ce in yi sai dai in dangwala yatsa, amma injin da zai yi tari a bayan katanga in kasa faɗa maka ciwonsa ba a ƙera shi ba tukuna. Wannan da kuke karantawa bakina ne, hannun kuma na Auta ne, 'yata ta ƙarshe. Mun yi da ita ba za ta gyara mini magana ba. Ita ma ta kafa nata sharaɗin, wai in faɗi labarin ranar nan duka, har wuraren da na saba tsallakewa in ina ba baƙi. Na ce to. Ni ba na tsoron labari.

Bari in fara da dabarata, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane sauran ba. Direban da ya tsaya kokawa da mai bindiga wawa ne, na raka irinsu makwanci da yawa. Ni in an tare ni fita nake yi salin-alin, in miƙa makulli da hannu biyu, har in ce a sauka lafiya. Abin da ba su sani ba, akwai ɗan famfo da na ɗaura wa tiyon mai a ƙarƙashin kujerata, kuma kafin in buɗe ƙofa na riga na murɗe shi. Mota za ta tashi lafiya lau, ta yi gaba da su da ɗan man da ya rage a hanya, can sai ta yi tari ta mutu. Ɓarawo kuwa ba ya tsayawa buɗe bonet a bakin titi. Sai in bi kwalta a ƙafa ina goge zufa, in tarar da abata tana jirana, ƙofofi a wangale. A na ukun ne suka fasa mini kai da gindin bindiga kafin su tafi, ga tabon nan, amma motar ba su kai ta ko'ina ba.

Kuma ban taɓa faɗa wa kowa inda famfon yake ba, ko yaran motata, ko mai motar kansa. Dalilina ɗaya ne. Wanda ya sani, in aka sa masa bindiga a kunne zai faɗa. Wanda bai sani ba, me zai faɗa?

Auta a kantin magani take aiki, kuma tana zaune tare da mu tun da aiki ya kai mijinta nesa. Ranar da ta shigo da motarta tsakar gida, 'yar ƙarama ruwan toka, ko ledar kujeru ba a cire ba, na zagaya ta, na bubbuga tayoyin, na kara kunne a bonet.

"Baba, ga ta nan," in ji Auta. "Wanki na yarda, duba mai da ruwa na yarda. Amma don girman Allah kada ka taɓa mata waya. Kamfanin sun ce in aka yanka waya ɗaya sun cire hannunsu."

Na ce, "Ni za ki koya wa mota? Ina kan sitiyari tun uwarki ba ta san da ni a duniya ba."

Uwar tasu tana bakin kicin tana kife kwanuka, ta ce, "Da har yau ban sani ba, ai da kunnena ya huta."

Haka take, Tsohuwa. Tun da na auro ta ba ta taɓa barin maganata ta sauka ƙasa lafiya ba.

Na yi ƙoƙarin riƙe alkawari, Allah ya gani. Amma kullum in na kalli motar nan sai in ga kamar an ajiye jariri a bakin kasuwa. Ɗan kukan da take yi in an taɓa ta, wa yake tsoro? Ran nan na karɓi makulli na ce zan kai ta canjin baƙin mai, na zarce wurin Tartsatsi, mai gyaran wayar mota, wanda wuta ta cinye masa rabin gira tun yana yaron gareji.

"Motocin yanzu ba a ɗaura musu famfo, Tsohon Ƙarfe," in ji shi. "Amma akwai ƙaninsa." Ya nuno mini wani makunni, bai fi farcen babban yatsa ba, da ɗan akwati baƙi. In ka danna shi ka bar mota, duk wanda ya tayar da ita za ta kai shi ɗan nesa, sannan akwatin ya yanke wa famfon mai wuta. Sai an sake dannawa za ta tashi.

"Inda ake sa wa kowa zan sa, ƙarƙashin sitiyari?"

"Inda ake sa wa kowa nan ɓarawo zai fara laluba. Sa shi ƙarƙashin kujerar direba, ta baya, jikin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai."

Ya tsaya da filaya a hannu ya dube ni. "Mai motar ta sani?"

"Ni ne uban mai motar."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Kai dai yi aikinka, mai rabin gira."

Ya yi. Muka gwada, ni da shi. Daga ƙofar gidana ta kai mu har doguwar katangar ɗakunan ajiyar kaya, inda ba gida ba shago, sai kwalta da lambatu mai zurfi, nan ta mutu. Na ce madalla, wurin da ɓarawo ba zai sami mai tura masa ba.

Daga ranar na sami aikin yi. Da yamma in Auta ta dawo ta shige ɗaki, sai in buɗe ƙofar baya kamar zan kakkaɓe shimfiɗar ƙafa, in durƙusa, in danna. Da safe in ɗauko bokiti da soso in wanke mota, in sake durƙusawa, in danna, in tayar mata da inji ya yi ɗumi. Ta fito ta ce sannu Baba, ta ja abarta. Ba ta taɓa tsayawa a hanya ba ko sau ɗaya. Ku faɗa mini inda laifi yake a nan.

Sai maganar saƙon.

Wata rana muna zaune a falo bayan cin abinci, wayar Tsohuwa ta yi ƙara, ta danna. Muryar wata mata ce, tana haki kamar an biyo ta. Wai don Allah a tura wa kowa. Wai abokin mijin maƙwabciyarta ne ya ga mace a bakin titi tana kuka, da marar lafiya a mota, ya tsaya taimako, maza suka fito suka raba shi da motarsa, yanzu haka yana kwance rai a hannun Allah.

Auta ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mama, wannan labarin tun ina makaranta nake jin sa. Kowace shekara sai a sake masa titi. Wancan karon ƙwai ne ake jefa wa gilashi, kafin shi takarda ce ake manna wa ta baya. Wane ne mutumin? Ya sunansa? A wane asibiti yake?"

Na ce, "Wato fashin ma ƙarya ne? Wannan tabon na kaina fenti ne?"

"Naka gaskiya ne, Baba. Wannan ne ƙarya."

"Ke da aka haifa jiya."

"To, Baba."

Wannan "to, Baba" ɗin ya fi zagi ciwo. Na tashi na fita tsakar gida, na zauna a kan bonet ɗin motarta, na ciro wayata. Auta ce ma ta koya mini yadda ake danne maɓallin a yi magana. Na danne, na aika wa zauren tsofaffin direbobi da muke da shi a waya. Ina tuna abin da na ce kalma-kalma, don na saurare shi ya fi a ƙirga.

"Tsohon Ƙarfe ne ke magana. Wanda ya san ni ya san ba na faɗin abin da ban gani ba. Za ku ga mace a bakin titi, ba takalmi a ƙafarta, tana ɗaga hannu tana kuka. An ɗaga bonet. A kujerar baya akwai tsoho kwance kamar gawa, har da tsohuwa ta rungume kansa. Lafiyarsa ƙalau! Mazan suna cikin lambatu. Kada ka rage gudu, kada ka sauke gilashi. Taka totur ka wuce, iyalinka na jiranka."

Matar can ba ta ce ba takalmi ba, ba ta ce tsohuwa ba, ba ta ce lambatu ba. Ni na ƙara, don na san yadda ɓarawo ke tunani, kuma gargaɗin da ba shi da hoto ba ya zama a kan mutum. A ƙarshen saƙon na kuma ce da idona na ga mutumin da aka yi wa fashin a asibiti. To, ban gan shi ba. Amma na ga irinsa. Auta ta ɗago tana kallona yanzu. Rubuta, na ce.

Kafin mako ya zagayo saƙon ya bar ni a baya. Na je aski, mai askin ya danna mini shi, ya ce, "Kai ne wannan, Baba? Allah ya saka." Mai nama ya ƙara mini tsoka. Wani da ban taɓa gani ba ya tsayar da ni a gidan mai ya ce ya tura wa matarsa da ƙannensa duka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun da na ajiye tuƙi ba wanda ya nemi shawarata sai a lokacin.

Ranar da abin ya faru ranar hutu ce, Auta ba ta da aiki, don haka ban yi sammakon wanki ba. Hantsi ya ɗaga na ɗauki bokiti na nufi famfo. Ina tara ruwa soson ya faɗi daga hannuna na dama. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Sai ƙafar ita ma ta tafi, kamar an zare mini ita. Na ji kaina ya bugi bokitin, ruwa ya bi ta cikin rigata.

Tsohuwa ce ta fara ƙwalla ƙara. Auta ta fito da kayan barcinta, ta durƙusa a kaina.

"Baba, ɗaga hannun nan. Yi mini murmushi. Baba, ce wani abu."

Na buɗe baki in ce mata ba komai, santsi ne. Abin da ya fito wani gurnani ne, ni kaina ban san muryar ba. Ina jin komai, ina gane komai, kalmomin suna nan jere a kaina, amma hanyar da za su bi su fito ta toshe.

"Mama, shanyewar ɓarin jiki ce," in ji Auta. "Akwai allurar da ake yi in an kai mutum da wuri. In aka makara ba ta da amfani. Kama ƙafafunsa."

Su biyu suka ja ni a kan zanen gado har bakin mota, suka cusa ni kujerar baya, kaina a cinyar Tsohuwa. Auta ta fizgi makulli daga ƙusa ta faɗa gaba. Ba ta ɗauki waya ba, ba ta sa takalmi ba. Tawa wayar tana can cikin ruwan bokiti, ta Tsohuwa tana jikin caji.

Injin na tashi gabana ya faɗi. Jiya da yamma na danna. Yau ban danna ba.

Na yi gurnani da duk ƙarfina. Tsohuwa ta ce, "Sannu, sannu, yanzu za mu kai." Na sake yi. Auta ta ce, "Yi haƙuri Baba, ina sauri." Daga inda nake kwance kan turakun wuta kawai nake gani suna wucewa ta gilashi, sai allon gidan burodi, sai saman bishiyar kwana. Na san hanyar kamar tafin hannuna. Da na ga bakin doguwar katangar nan ya shigo gilashi na rufe ido.

Ta yi tari sau ɗaya, ta yi na biyu, ta mutu.

Auta ta gangara gefe. Ta murɗa makulli, injin ya juya bai kama ba. Ta sake. Ta sake. "Akwai mai, wallahi akwai mai, jiya na sha!" Ta fita ta ɗaga bonet, ba don ta san abin da za ta duba ba, don haka ake yi. Sannan ta tsaya a bakin kwalta, ƙafa ba takalmi, ta fara ɗaga hannu.

Ni da kunne nake ganin titi. Na ji wata ƙaramar mota ta taho, direban ya ɗage ƙafa daga totur, injin ya sassauta. Na ce a raina, yauwa, ɗan albarka. Sai na ji ya sauke giya ya taka ta har ƙasa. Ta bayanta babbar mota ce mai dizal, wannan ko sassautawa bai yi ba, hon ya danne mata. Wani mai babur ya rage gudu har ina jin sarƙarsa, sannan ya murɗa ya ɓace. Kowace mota haka: a ɗage ƙafa, a duba, a taka. Tuƙi mai kyau, yadda na koyar.

"Don Allah ku tsaya! Babana ne! Don Allah!"

Muryarta ta fara dushewa. Rana ta bugi rufin mota, ciki ya zama tanda. Tsohuwa tana share mini yawu da gefen mayafinta tana karanta duk addu'ar da ta sani.

Makunnin yana nan ƙasa da ni, tsakanina da shi bai kai tsawon hannu ba. Hannuna na hagu yana aiki. Na zura shi ƙasa ina laluben ƙarfen kujera, sai Tsohuwa ta cafke shi ta mayar kan ƙirjina. "Riƙe ni, ga ni nan, ba inda za ni." Na fizge na sake zurawa, ta sake kamowa, ta haɗa da nata biyu ta danne. Ta ɗauka fizgar mutuwa nake yi. Na kalle ta, na kalli ƙasa, na yi gurnani. Ta fashe da kuka ta ce, "Na yafe maka, komai na yafe maka." Ni ba yafiya nake nema ba, hannuna nake nema!

Can wata mota ta tsaya sosai, amma a ɗaya gefen titin, injin a kunne. Na ji gilashi ya sauka kaɗan, na ji Auta ta ruga.

"Tsaya nan! Kada ki matso!" Muryar magidanci ce. "Baiwar Allah, ba kwa tsoron Allah? Mun ji labarinku. Ga bonet, ga lambatu, har tsohuwar ma ga ta can, yadda Tsohon Ƙarfe ya faɗa ba ragi."

"Shi ne a ciki! Wallahi shi ne Tsohon Ƙarfen, ubana ne! Zo ka duba tabon kansa!"

"In zo in duba? Kai, ku dai ba ku da kunya." Wata mata a gefensa ta ce, "Ja mu tafi, ja mu tafi!" Ya ja.

Bayan wannan Auta ba ta sake kira ba. Na ji tafin ƙafarta a kan kwalta mai zafi, ta je gaba ta dawo, ta je ta dawo.

Tsohuwa ta daina kuka. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi mini in na dawo daga tafiya na ce ban tsaya ko'ina ba. Hannuna yana ta ja a cikin nata.

"Kai," ta ce a hankali. "Kullum da yamma sai ka durƙusa a ƙofar nan. Kullum da safe sai ka durƙusa. Ina ganinka ta tagar kicin. Shimfiɗar ƙafa ɗaya ba ta cin kakkaɓa sau biyu a rana. Me ka ɓoye a ƙarƙashin kujerar yarinyar nan?"

Ta sake ni. Hannuna ya faɗa ƙasa, ya bi ƙarfen, amma a kwancen da nake yatsuna suka tsaya gab da wurin. Sai na ji nata hannun ya bi bayan nawa, ya wuce shi, yana laluba. Ƙyas. Daga can baya, wajen tanki, famfon mai ya yi ɗan kukansa. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

"Auta! Zo ki tayar."

"Mama, ta mutu, na gwada."

"Rufe bonet ki zo ki tayar, na ce."

Bugu ɗaya ta kama. Auta ta juyo ta kalli uwarta, ta kalli hannuna da ke lilo a ƙarƙashin kujerarta, ta kalle ni. Sai ta ja mota. Har muka isa asibiti idonta kawai nake gani a madubi.

Likita ya tambayi lokacin da na faɗi. Auta ta faɗa masa. Ya dubi agogonsa, ya tura ni hoton kai, aka dawo da ni, ya sake duban agogon. Na ji yana ce mata a bakin labule, "Da kun ɗan zo da wuri." Ba a yi mini allurar ba.

Ina kwance a ɗakin maza, ba baki, ba hannun dama, ba ƙafar dama, sai mutumin gadon kusa da ni, wani mai karyayyen ƙugu, ya miƙo wayarsa wajen kunnena. "Maƙwabci, saurari wannan, ka faɗa wa 'yarka tunda tana tuƙi. Tsohon nan ya san duniya." Muryata ta cika ɗakin, garau, kowace kalma a zaune. Auta tana zaune a kan kujerar roba, ƙafafunta biyu a naɗe da bandeji saboda ƙunar kwalta. Ta tashi ta fita tana ɗingishi. Ni kuma, tunda an ce in faɗi duka, da ya ce tsohon ya san duniya sai da wani abu a cikina ya ji daɗi.

Da aka sallame ni, Auta ta shigo ɗakina ta ajiye mini ledar magani a cinya. Makunnin ne da ɗan akwatinsa, wayoyin a yanke. Ta ce Tartsatsi ya cire, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Lokacin magana ta fara dawowa, ɗaya-ɗaya, kamar mai ɗigowa daga tiyon da ya toshe. Na daɗe ina haɗa ta. "Wanda... bai sani ba... ba zai faɗa ba."

"To ai ban faɗa ba, Baba. Na tsaya a titi ina roƙon mutane, kana mutuwa a bayana, ban faɗa wa kowa komai ba. Dabararka ta yi aiki."

Ita ce ta sa na yi saƙo na biyu. Ta riƙe mini wayar, na ce ni ne Tsohon Ƙarfe, ban ga mutumin nan a asibiti ba, maganar takalmi da lambatu daga kaina na ƙago, in kun ga mai neman taimako ko ba za ku fito ba ku tsaya daga nesa ku tambaya, ku kira masa wani. Sai da muka yi ta maimaitawa kafin ya fito, harshena yana ja. Muka tura. Amsar farko da ta dawo daga zauren direbobi ita ce: wannan ba muryar Tsohon Ƙarfe ba ce, ɓarayin ne suka sa wani ya kwaikwaye shi don a riƙa tsaya musu, a yi hattara. Wannan gargaɗin shi ma ya zagaya gari. Na farkon kuwa har yau yana yawo. An ce har an sake masa titi.

Yanzu Auta ke kai ni gashin ƙashi, ina gaba, sandata a tsakanin ƙafafuna. Hanyar ɗaya ce, dole mu bi ta doguwar katangar. Kwanakin baya muka hango mota a gefe, bonet a sama, wani mutum yana ɗaga hannu. Na ji ta ɗage ƙafa daga totur.

"Auta."

Ta sa sigina.

"Auta, duba... lambatu."

"Na gani, Baba."

Ta tsaya. Tiyon ruwa ne ya fashe masa, da yara biyu a baya suna cin biskit, aron waya kawai yake so. Tun kafin ya faɗa na san tiyo ne, daga warin. Amma duk tsawon tsayuwar nan hannuna na hagu yana kan marfin ƙofa, idona yana cikin lambatun, rigata ta jiƙe sharkaf. Ba wanda ya fito. Wannan karon ba wanda ya fito. Ni na san wata rana ana fitowa, tabon kaina bai goge ba, kuma yarinyar nan ta rantse ba za ta ƙara wuce mai ɗaga hannu ba. Ban san wanne zan roƙa mata ba, ta tsaya ko ta wuce.

Da yamma Tsohuwa takan fito mini da kujera bakin ƙofa. Motar tana nan a tsakar gida, ƙura a gilashinta, ba abin da ke tsaronta sai ɗan kukan banza. Hannun da ya riƙe sitiyari tun kafin a haifi masu tuƙin yanzu yana kan cinyata kamar na wani. Amma likita da bakinsa ya ce irin faɗuwar da na yi ba kowa ke tashi ba. Ni na tashi. Sau huɗu ke nan ana tare ni a hanya ina komawa gida, ku nuna mini wani a tashar nan da zai faɗi haka.

Auta ta ajiye biro tana tambayata wai a na huɗun wa ya tare ni. Na ce kada ta rubuta wannan. Na ga hannunta yana motsi.